Daga Faifai Zuwa Farin Ƙyalle: Tarihin Shimfiɗar Cin Abinci Tsakanin Kurfi da Teku

Mai karatu, idan ka halarci walimar aure ko ta sauka a Dutsin-Ma cikin 'yan shekarun nan, akwai abin da idonka zai fara gani tun kafin hancinka ya ji ƙanshin miya. Tebura ne a jere, kowanne an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an ɗaura wa kujeru ƙyalle mai launi, ga furen roba a kan teburin manyan baƙi. Ba a buɗe kula ko ɗaya ba tukuna, amma jama'a sun riga sun yanke hukunci: "Kai, wannan biki an kashe kuɗi." A bakin ƙofa kuwa, mai yiwuwa ka tarar da roba guda ta ruwan wanke hannu, wadda mutum talatin suka riga ka tsoma hannu a ciki.

Ba mu kaɗai ne farin ƙyalle ke ɗauke wa hankali ba. A ƙarshen 2013 kamfanin Carnival, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen ruwan yawon shaƙatawa na duniya, ya fara cire ƙyallen tebur daga ɗakunan cin abinci na wasu jiragensa, ya bar shi sai daren da ake yin kwalliya ta musamman. Tsofaffin fasinjoji suka yi caa, wai daraja ta zube, wai ɗakin cin abinci ya koma kamar na tasha.

To, me wannan ƙyalle yake yi ne haka, da har cire shi zai zama abin rigima? Kuma me ya haɗa jirgin ruwa da mutumin Kurfi ko na Dutsin-Ma, wanda ruwa mafi faɗi a kusa da shi shi ne na madatsar Zobe? Akwai alaƙa, kuma ta fi yadda kake zato tsufa. Kowace al'umma ta ƙirƙiro shimfiɗar cin abincinta ne don ta magance wata matsala ta zahiri. Da tafiya ta yi tafiya sai a manta matsalar, shimfiɗar ta zama abin nuna isa. Bari mu bi sawun abin daga gida.

Kafin tebur ya zo

A watan Maris na 1853, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Katsina zai nufi Sakkwato. Hanyarsa ta bi da shi ta Kuraye da Kurfi, har ya rubuta bayanin Kurfi da duwatsunta da ganuwarta. Gari ne da ke kan hanyar ayari, wato ya saba da saukar baƙi. A gidajen wancan zamani babu tebur, amma akwai tsari, kuma shi ne tsarin da da yawa daga cikinmu muka tashi muka tarar a gidajen kakanninmu.

Ka tuna yadda ake yi. Za a share wuri, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. A shimfiɗa tabarmar kaba, ko buzu idan baƙon malami ne ko dattijo. Kowa ya tuɓe takalminsa kafin ya hau. Yaro ya kawo buta. Sannan a fito da tuwo cikin akushi, miya cikin nata mazubin, fura cikin ƙwarya da ludayi, kowanne a rufe da faifai.

Idan ka dubi waɗannan kaya da idon mai bincike, za ka ga kowanne amsa ce ga wata tambaya. Tabarma tana raba abinci da ƙasa. Tuɓe takalmi yana hana a kwaso abin da aka taka a hanya a kai shi kusa da kwano. Faifai yana tare ƙuda da ƙurar hunturu, kuma da yake saƙa ne, tururi yana samun hanyar fita, ga shi ana fifita abinci mai zafi da shi. Ƙwarya ba ta da gindin zama, sai aka sama mata gammo. Hannun dama na ci ne, na hagu na tsarki, kuma wannan rabon aiki yana rage haɗuwar hanyar da cuta ke fita da hanyar da take shiga. Buta kuwa ita ce gwanar tsarin duka, domin ruwan da ya taɓa hannunka ƙasa yake zuba, ba ya komawa kan hannun wani.

Nuna isa ma yana nan tun da can. Faifan da ake rufe abincin baƙo ba shi ne na tankaɗe ba. Akwai na ado, mai rini da zane, wanda uwar gida ke ɓoyewa sai ranar fita kunya. Kafin baƙo ya ɗaga murfi ya riga ya san matsayinsa a gidan.

Larabawa ma suna da tasu shimfiɗar, sunanta sufra. Asalinta guzurin matafiyi ne, daga baya sunan ya koma kan fatar da ake ƙunshe guzurin a ciki, wadda idan an yada zango sai a buɗe ta a ci a kai, idan an gama a tsuke bakinta ta koma jaka. Tushen kalmar ɗaya ne da na safar, wato tafiya, inda muka samo tamu kalmar ta safara. A Sahihul Bukhari akwai ruwaya daga Anas ɗan Malik da ke nuna cewa Manzon Allah (SAW) bai ci abinci a kan tebur ba, a kan irin wannan shimfiɗa ake ci. Ka ga ke nan tun fil azal akwai dangantaka tsakanin matafiyi da shimfiɗar cin abinci. Riƙe wannan, domin yanzu za mu shiga jirgi.

Sarki Dikko ya hau teku

A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya tafi aikin Hajji, amma ta Ingila ya bi. A lokacin ƙasar Kurfi da ta Dutsin-Ma duk suna ƙarƙashinsa, Maraɗi na riƙe da Kurfi, 'Yandaka na riƙe da Dutsin-Ma. Tafiyar Ingila a wancan zamani sai an bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, sannan a shiga jirgin ruwa a yi wajen mako biyu kafin a kai Liverpool. Kamfanin da ke riƙe da wannan hanya shi ne Elder Dempster. Sarkin ya sake komawa Ingila a 1924 da kuma cikin shekarun 1930, kuma masanin tarihi Moses Ochonu ya bi diddigin waɗannan tafiye-tafiye a littafinsa Emirs in London na 2022.

Ka kwatanta bambancin duniyoyin biyu. A al'adarmu basarake ba ya cin abinci a bainar jama'a, girmansa a ɓoye cin yake. A ɗakin cin abincin 'yan faskila na jirgin Turawa kuwa, wato masu tikitin aji na ɗaya, cin abincin ma shi ne nunin. Ana kaɗa ƙararrawa, kowa ya sake tufafi, kowa yana da kujerarsa, wanda aka fi girmamawa a zaunar da shi teburin kyaftin. A ƙarƙashin komai kuma akwai farin ƙyalle, an goge shi sumul.

Daga ina Turawa suka samo shi? Tun zamanin Rumawa ana shimfiɗa ƙyalle a kan tebur. Daga baya a gidajen sarakunan Turai aka fi daraja wani saƙi mai zane a jikinsa, wanda sunansa ya samo asali daga birnin Dimashƙa na Sham. Amma abin da ya fi saƙin muhimmanci shi ne farin. Kafin a gano sinadaran cire dauɗa, faranta ƙyalle aiki ne na watanni: a jiƙa da ruwan toka, a shanya a fili, a sake jiƙawa. Wanda ya shimfiɗa farin ƙyalle ya bar romo ya ɗiga a kai, yana gaya wa baƙinsa ne cewa yana da masu wanki kuma yana da wani a ajiye. Mu ma mun san wannan magana. Mai farar shadda da aka yi wa bula da sitati yana sanar da kai ne cewa ba daga gona yake ba.

Kimiyya ce ta karya farashin fari. A 1774 Carl Scheele ya gano iskar kulorin, a 1799 kuma Charles Tennant ya samar da garin bilic a Glasgow. Aikin watanni ya koma na kwanaki, farin ƙyalle ya sauko zuwa otal-otal da gidajen masu matsakaicin hali.

Jiragen ruwa sun ɗan makara. Britannia, jirgin kamfanin Cunard da ya fara ratsa Atilantika a 1840, har saniya yake ɗauka don fasinjoji su sami madara. Amma da gasa ta yi zafi tsakanin kamfanonin Ingila da na Jamus, sai ɗakin cin abinci ya zama fagen fama. A 1900 aka ƙaddamar da Prinzessin Victoria Luise, jirgi na farko da aka ƙera don yawon shaƙatawa zalla. A 1905 jirgin Amerika na kamfanin Hamburg ya buɗe gidan abinci da sunan Ritz-Carlton a cikinsa. Jerin kayan da aka loda wa Titanic a 1912 ya haɗa da ƙyallen tebur 6,000 da ƙyallen goge baki 45,000, don tafiyar da ba ta wuce mako guda ba. Dalili kuwa ba a wanki a kan hanya, wanda ya ɓaci sai a tara shi har a sauka.

Me ya sa ake jiƙa ƙyallen da gangan?

Nan ne abin ya fi ba da sha'awa. A cikin jirgi, ƙyallen tebur yana da aikin da ba shi da shi a kan tudu.

Gwada wannan a gida. Ɗora kofin tangaran a kan tiren silba, ka fara karkata tiren a hankali. Da fari kofin zai tsaya, domin akwai wani ƙarfin riƙo tsakanin gindinsa da fuskar tiren, wanda masana ke kira gogayya. Kana ƙara karkatawa, ɓangaren nauyin kofin da ke jan sa zuwa gangare yana ƙaruwa, har a kai kusurwar da zai rinjayi riƙon, sai kofin ya sulale. Abin mamaki, nauyin kofin kusan ba ya canza wannan kusurwa. Abin da ke canza ta shi ne irin fuskokin biyu da suka haɗu. Yanzu shimfiɗa hankici a kan tiren ka sake gwadawa. Sannan ka ɗan jiƙa hankicin ka gwada karo na uku. Za ka ga sai ka karkata sosai kafin wani abu ya motsa.

Abin da ma'aikatan jirgi suka gano ke nan. Idan teku ta fara hauka, kafin a jera faranti sai su yayyafa wa ƙyallen ruwa. Ɗan siririn ruwan da ke tsakanin zare da katako yana manne su, kamar yadda ɗan kasuwa ke jiƙa yatsa idan zai ƙirga sababbin takardun kuɗi. Amma sai an yi daidai wa daida, domin idan ruwan ya yi yawa santsi zai koma. Suna kuma da ƙananan katakai a gefen tebur da ake ɗagawa su zama shinge. Aikin da gammo ke yi wa ƙwaryar mai nono, shi waɗannan dabaru ke yi wa faranti.

Akwai aiki na biyu. Ɗakin da mutum ɗari biyu ko uku ke buga cokali da faranti, ga rurin inji a ƙarƙashi, wuri ne mai hayaniya. Ƙyalle, musamman idan an sa wani mai kauri a ƙarƙashinsa, yana shanye ƙarar.

Sai injiniyoyi suka ƙwace aikin farko. Aka ƙirƙiro wasu fika-fikan ƙarfe da ke fitowa daga gefen jirgi a ƙarƙashin ruwa, suna juyawa don su rage tangaɗi. Chusan, jirgin kamfanin P&O na 1950, yana cikin manyan jiragen fasinja na farko da aka sa wa su. Jiragen yau kuma sun ninka na da girma sau da yawa, ba kasafai faranti ke yawo a kan tebur ba. Ƙyalle ya rasa aikinsa na riƙo, ya saura da na burgewa.

Wa ke wankin?

Bayan yaƙin duniya na biyu, Elder Dempster ya zuba sababbin jirage uku a hanyar Liverpool zuwa Ikko: Accra, Apapa, da kuma Aureol, wanda aka ƙera a Glasgow ya fara aiki a 1951, mai nauyin kimanin tan 14,000. A cikinsu ɗalibai da ma'aikata da 'yan siyasar Afirka ta Yamma da yawa suka fara zama a teburin Turawa, suka koyi wane cokali ne na miya, wace wuƙa ce ta kifi. Da suka dawo suka zama manyan ma'aikata, sai tebur da ƙyallensa suka biyo su zuwa gidajen gwamnati da gidajen saukar baƙi da liyafar hukuma. Makarantun kwana su ma suka yi nasu aikin, suka koya wa yara cin abinci a kan benci da kwano ɗai-ɗai.

Amma farin ƙyalle ba ya wanke kansa. Masu ɗaukar faranti da masu wanki da masu aiki a ɗakin inji, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne, kuma ba a teburin da suke shimfiɗawa suke ci ba. A 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa suka yi yajin aiki a Liverpool saboda wariyar launin fata, har aka kafa kwamitin bincike. Duk inda ka ga fari ƙal, akwai gumin wani a bayansa, a jirgi ne ko a gidan biki.

Jirgin sama ne ya kashe wannan zamani. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 masu ratsa Atilantika ta sama sun fi masu bin ruwa yawa. Aureol ya yi ta fama har 1974, sannan aka janye shi. Kamfanonin da suka tsira sai suka sake sana'a: maimakon kai mutum wani wuri, jirgin kansa ya zama wurin zuwa. Suka gaji al'adun tsofaffin jirage, su kwalliyar dare da teburin kyaftin da farin ƙyalle, don su sayar wa mai matsakaicin hali ɗanɗanon rayuwar 'yan faskila. A 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya sassauta dokar lokacin ci da ta tufafi. Daga nan zuwa cire ƙyalle taki ɗaya ne, domin jirgin da ke ɗauke da mutum dubu uku ko huɗu, wanke ƙyallensa kowane dare yana cin ruwa da wuta da sabulu, ga shi mafi yawan ruwan daɗin jirgi daga ruwan gishiri ake tace shi.

Ma'aunin da ido ba ya gani

Yayin da fasinjoji ke jayayya kan ƙyalle, akwai wasu mutane da ke auna ɗakin cin abincin da wani ma'auni dabam. A 1975, bayan ɓarkewar gudawa a jirage, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta kafa shirin duba tsaftar jiragen ruwa. Jami'anta kan shiga jirgi ba sanarwa, sau biyu a shekara, su ba da maki bisa 100. Wanda ya sami 85 ko ƙasa da haka ya faɗi, kuma ana wallafa sakamakon kowa ya gani. Suna duba kulorin da ke cikin ruwan sha, da zafin abinci da sanyin firji, da wuraren wanke hannu, da ƙwari, da lafiyar masu dafuwa. Idan kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko na ma'aikata suka kamu da amai da gudawa, ana shelanta sunan jirgin.

Babban abokin gabarsu wata ƙwayar cuta ce da ake kira norobairos, wadda aka gano a 1972 daga samfurin wata annoba da ta auku a wata makaranta a garin Norwalk na Amurka a 1968. 'Yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kwantar da ƙato. Tana iya kwanaki a jikin ƙofa ko cokalin zuba abinci, kuma man shafawa na kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi mata abin kirki. Ruwa da sabulu ne maganinta. Shi ya sa a sababbin jirage za ka tarar da famfunan wanke hannu a bakin ƙofar wurin cin abinci. Wato bayan duk wannan zagaye, sun dawo kan hikimar buta.

Kada ka ɗauka ƙyalle ba ya komai. A wani bincike daga Jami'ar Hohenheim ta Jamus da aka wallafa a 2020, an ba mutane miyar tumatir iri ɗaya, wasu a kan tebur mai ƙyalle, wasu a kan tebur tsirara. Masu ƙyalle sun fi daɗewa a zaune, sun fi sha, kuma sun fi yaba miyar. Ido yana riga baki ci. Matsalar ita ce wannan tasiri yana aiki ko kicin ɗin yana da tsafta ko ba shi da ita, sai a yi ta yi wa rogo kallon kitse.

Ga kuma wani bincike da ya shafi shimfiɗa kai tsaye. A 2016 masu bincike a Jami'ar Rutgers ta Amurka, Robyn Miranda da Donald Schaffner, suka yi ta yar da kankana da burodi da alewa a kan ƙarfe da tayil da katako da kafet waɗanda aka shafa wa bakteriya, suka yi awo 2,560. Suka ga ƙwayoyin na iya hawa abinci cikin ƙasa da daƙiƙa guda, kuma kankana ce ta fi kwasa, saboda danshi. Danshin da ke riƙe faranti a jirgi, shi ne kuma gadar da cuta ke bi.

Akushi fa? A 1994 Dean Cliver da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka kwatanta katakon yanka nama da na roba. Suka ga katako yana zuƙe ƙwayoyin zuwa ciki, ba sa dawowa sama da sauƙi idan ya bushe, alhali robar da wuƙa ta yi wa zane tana da wuyar wankuwa da hannu. Sharaɗin shi ne bushewa. Tsohuwar da ke wanke akushi da ƙwarya ta kife su a rana ta san abin da take yi.

Mu dawo Dutsin-Ma

Shimfiɗarmu ta sake kama sau da yawa cikin shekaru ɗari. Kantunan Turawa suka kawo langa da samira da fanteka, har aka kafa masana'antarsu a Ikeja a 1960. Suka ture ƙwarya daga jeren amarya, murfin ƙarfe ya fara ture faifai. Sai roba ta zo, sai kula. Alhazai suka ga doguwar ledar da ake shimfiɗawa lokacin buɗa baki a Makka da Madina, ita ma ta shigo masallatanmu da gidajen biki, sufra ta dawo da sabuwar riga. Tana da amfaninta, tunda sau ɗaya ake ci a kai, amma ƙarshenta kwata ko cikin akuya.

Garin kansa ya canza. Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Dubban ɗalibai da ma'aikata suna cin abinci a waje kullum, ranar kasuwar Laraba kuma ga baƙi daga Kurfi da sauran garuruwan kewaye. A da uwar gida mutum goma take ciyarwa, kuma ta san kowa. Yau mai abinci ɗaya tana ciyar da ɗaruruwa. Ta wannan fuska bukkarta ta fi kama da jirgin ruwa fiye da zauren kakanka: jama'a da yawa, kicin ɗaya, kuskure ɗaya ya ishi kowa.

Lissafin ba na wasa ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da cuta ta hanyar abinci kowace shekara, 420,000 su mutu, kuma 137,000 daga cikin mamatan a yankin Afirka suke. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Saboda haka idan ka shiga gidan abinci ko wurin biki, ka ji daɗin farin ƙyallen, amma ka ara idon jami'in duba jirgi ka kalli abu huɗu.

Na farko, ruwan wanke hannu. Zubawa ake yi, ko tsomawa? Akwai sabulu? Wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100. Roba guda ta taron dangi kuwa, na ƙarshe wankan hannun na farko yake yi.

Na biyu, tsumman goge tebur. Leda mai zanen furanni da ake shimfiɗa wa tebura tana ɗaukar ido, amma idan jiƙaƙƙen tsumma ɗaya ke zagaya tebur goma tun safe, raba ƙwayoyin yake yi kowa ya samu. Tebur tsirara da aka wanke ya bushe ya fi shi.

Na uku, zafin abinci. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma shawarar masana ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a wannan tsakani. Kula jinkirta hucewa take yi kawai. Shinkafar da aka zuba da hantsi aka buɗe bayan la'asar tana iya zama gidan wata bakteriya mai suna Bacillus cereus, wadda irinta ke tsira daga dafuwa, kuma gubar da take fitarwa ɗumame ba ya kashe ta.

Na huɗu, murfi. Ƙudan da ya tashi daga bola bai san an kashe kuɗi a ado ba. Faifai na nan a kasuwa, kuma kuɗinsa bai kai na hayar ƙyalle ba.

Idan kai ne mai shirya biki, kuma aljihu ya ce sai dai ka zaɓi ɗaya, ka rage tebur biyu daga cikin masu ado. Da kuɗin ka sayi butoci huɗu da sabulu, ka tsayar da yara biyu a bakin ƙofa, ɗaya na zubawa, ɗaya na riƙe da baho. Baƙi ba za su ɗauki hoton wannan su sa a Facebook ba, amma washegari za su tashi lafiya su zo yi maka ban gajiya.